Abdu Mumuni, ɗan Tasawa da ya sa rana aiki

In ka shiga mota a Gidan Rumji ka nufi gabas, za ka ratsa Maraɗi, ka wuce Agye, ka wuce Gazawa. Babban garin da za ka taras gabanka shi ne Tasawa. A wannan gari aka haifi mutumin da za mu karanta labarinsa yau, wato Abdu Mumuni Joffo. Duk wanda ɗansa ko ƙanensa ya tafi babban karatu Yamai ya taɓa jin wannan suna, don shi ne sunan jami'ar. To, amma da yawa cikinmu sunan kawai muka sani.

Manomi a rumbu ake ganin aikinsa, a ƙirga dammunan hatsin da ya samu. Maƙeri a kasuwa ake ganin nasa, in hauyarsa ta yi ƙwari kowa ya nufi rumfarsa. Shi mai binciken ilimi fa, da wane mudu ake auna nasa aiki? Rayuwar wannan bawan Allah za ta ba mu amsa.

Yarinta da lakkwal

An haifi Abdu Mumuni ranar 26 ga watan Yuni na shekarar 1929. Lokacin ƙasarmu tana hannun Faransa. Lakkwal ba ta da yawa, kuma iyaye da dama ɓoye ƴaƴansu suke yi don kar a rubuta su. Shi dai an sa shi. Ya yi karatunsa na farko a Damagaram da Yamai.

A 1944, yana da shekara 15, aka tura shi Senegal, makarantar Wiliyam Fonti. Nan ne Faransa ke tara yaran da suka fi ƙwazo daga duk ƙasashen da take mulki a Afirka ta Yamma. Jori Hamani da Bubu Hama ma can suka yi karatu kafin shi. Ya gama a 1948, daga baya ya ƙetare zuwa birnin Pari.

A Pari ya zaɓi ilimin da ake kira fizik. Wannan shi ne ilimin haske da zafi da ƙarfi da motsi: mi ya sa ruwa ke tafasa, mi ya sa ƙarfe ke ɗaukar zafi da sauri, yaya haske ke tafiya. A 1956 ya ci wata jarrabawa mai wuyar gaske da ake kira agregasiyo. Ko ƴaƴan Faransa kaɗan ne ke cinta kowace shekara. Shi ne baƙar fata na farko daga ƙasashen Afirka da Faransa ke mulki da ya ci ta a wannan fanni. Shekararsa 27 a lokacin.

Yana cikin karatun nan bai manta gida ba. Yana daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata da ke Faransa, wadda ta yi ta kiran a ba ƙasashenmu mulkin kai.

Mushe a ƙasashe da dama

Da ya komo Afirka, sai ya fara koyarwa a Dakar. A watan Satumba na 1958, mutanen Gini ƙarƙashin Seku Ture suka jefa ƙuri'ar ƙin zama cikin tarayyar Faransa. Faransa ta fusata, ta janye ma'aikatanta, har da malaman lakkwal. Azuzuwa suka zama ba mai koyarwa. Sai wasu matasan Afirka masu ilimi suka bar ayyukansu masu albashi mai kyau, suka tafi Konakiri don cike gurbin. Abdu Mumuni yana cikinsu, haka ma Jozef Ki-Zerbo, masanin tarihi na ƙasar da yau ake kira Burkina Faso. Bayan Konakiri ya koyar a Yamai, daga bisani kuma a Bamako.

Wannan yawo ya buɗe masa ido. Ya ga lakkwal iri ɗaya ce ko'ina. Yaro ya zo da harshen uwarsa, a hana shi magana da shi. A koya masa tarihin wata ƙasa da kogunanta, ba a ce masa komai kan gonar ubansa. In ya ci jarrabawa ya guji ƙauye, in ya faɗi ya dawo ba boko ba noma.

Littafinsa kan tarbiyya

A 1964 aka buga masa littafi da Faransanci a Pari, kan sha'anin ilimi da tarbiyya a Afirka. A 1968 aka juya shi zuwa Turancin Ingila. A 1998, bayan rasuwarsa, aka sake buga shi.

Littafin ya fara da yadda kakanninmu ke tarbiyyar yaro kafin zuwan Nasara. Ya nuna cewa yaro na koyo ne cikin aiki: ya bi uba gona, ya hura wa maƙeri zugazugi, yarinya ta zauna kusa da uwa wurin kaɗi da girki, da dare a yi tatsuniya. Gari duka ne malaminsa. Sannan ya bayyana abin da lakkwal ɗin mulkin mallaka ta zo nema, wato ƴan kaɗan da za su zama tafinta da magatakarda da ƙananan ma'aikata.

Daga nan ya kawo shawarwarinsa. Uku daga ciki sun shafe mu kai tsaye. Ta farko, a koyar da yara cikin harsunan ƙasa, don mutum ya fi gane abu da harshen da yake tunani da shi. Ta biyu, a haɗa karatu da aikin hannu da rayuwar jama'a. Ta uku, kar a bar manya a baya, a koya wa manoma da makiyaya da mata karatu da rubutu, don ƙasar da yawancin mutanenta ba su karatu ba ta iya ci gaba.

Kun gani ke nan, ajin nan da muke zaune muna karatu da Hausa yana cikin abin da wannan mutum ya nema tun 1964.

Yadda ya juya ga rana

Abin da ya fi shahara da shi shi ne binciken hasken rana. Ya duba ya ga ƙasashen Sahel ba su da kuɗin sayen man fetur daga waje, itace kuma ƙarewa yake yi, amma rana ga ta nan a kanmu daga safe har maraice, ba mai sayar mana da ita. Mu muna kuka da zafinta, shi kuma ya ga dukiya ce ke zuba ba mai tara ƙwarya.

A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyat ya ƙaro sani kan wannan fanni. A 1964 ya buɗe ɗakin binciken hasken rana a Bamako, ya riƙe shi har 1969. A 1967 ya samu babban digirin dokta a Faransa.

Mi ya bincika don samun wannan digiri? Ku ɗauki madubi ku tara wa rana, za ku ga ya mayar da hasken jikin bango. To, in madubin yana da zurfi kamar ƙwarya, duk hasken da ya faɗa cikinsa wuri ɗaya yake taruwa. Wurin nan yana yin zafi ƙwarai, har ya kunna kara ko ya tafasa ruwa. Abdu Mumuni ya yi lissafi, ya kuma gwada da kayan awo, don a san yadda zafin yake rarrabuwa a wurin da ya taru. Wanda ya san haka shi zai san inda zai aza tukunya, da girman madubin da yake bukata.

A 1969 ya dawo gida. Aka ba shi jagorancin ma'aikatar binciken hasken rana ta ƙasa da ke Yamai, wadda ake kira ONERSOL. Ya riƙe ta har 1985.

Sanin halin kaya

A ONERSOL an ƙera na'urar ɗumama ruwa da rana, da murhun girki, da na'urar busar da kayan abinci, da ta tace ruwa. An kuma yi aiki kan injin da zafin rana ke juyawa. Ma'aikatar tana da wurin ƙira nata, ma'aikata ƴan ƙasa ke yanka ƙarfe suna haɗawa. An kafa na'urorin ɗumama ruwan a kan gidaje a Yamai.

Mai wannan aiki dole ya san halin kowane irin kaya, kamar yadda maginiyar tukwane ta san yumɓun da ke jure wuta da wanda ke fashewa. Bari mu ɗauki na'urar ɗumama ruwa. Akwati ne mai faɗi. A cikinsa akwai farantin ƙarfe da aka shafa wa baƙin fenti, don baƙi yana shan zafi, fari kuma mayar da shi yake yi. Jikin farantin an liƙa bututu, ruwa na bi ciki. A sama an rufe da gilashi: haske ya shiga, zafi ya kasa fita, kamar motar da aka rufe aka bari cikin rana. A ƙasa da gefe an sa abin da ke hana zafi zurarewa. Ruwan da ya yi zafi ya fi mai sanyi sauƙin nauyi, don haka da kansa yake hawa zuwa tanki, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Ba inji, ba mai, ba itace.

Kowa na iya gwada wani abu daga ciki a gida. Ku sami kwano biyu, ɗaya mai baƙin baya da tukunya ta yi wa kunkunniya, ɗaya fari mai ƙyalli. Ku zuba ruwa daidai wa daida, ku aje cikin rana da hantsi. Da azahar ku tsoma yatsa. Abin da kuka ji shi ne mafarin wannan ilimi.

Sai dai abin da ya yi aiki a ƙasar sanyi ba lalle ya yi a nan ba. Ƙurar hunturu na rufe gilashi. Zafin bazara na ɓamɓare fenti, ya busar da roba. Ruwan wasu rijiyoyi na cin ƙarfe ko ya toshe bututu. Shi ya sa ake bukatar masu bincike da ke zaune cikin ƙasar, suna gwada kayan da ranarmu da ƙurarmu.

Mudun masu bincike

Yanzu mu koma ga tambayarmu ta farko. Mai bincike in ya gano wani abu, sai ya rubuta shi: abin da ya nema, yadda ya yi, da abin da ya samu. Ya aika wa mujallar masana. Kafin a buga, sai a ba wasu masanan fannin su duba ko akwai kuskure. In an buga, wani can a wata ƙasa ya karanta, ya ɗora nasa aiki a kai. Ƙa'ida ce ya ambaci sunan wanda ya ɗauka daga wurinsa. Wanda ya ɗauka bai ambata ba, ɓarawo ake ce masa.

Mu ma mun san irin wannan. In wani ya kawo irin hatsi mai saurin nuna cikin gari, maƙwabci ya roƙi tiya guda, shi ma ya ba wani, har irin ya kai ƙauye goma, amma sunan wanda ya kawo shi yana biye da shi. Akwai irin hatsin da ake kira CIVT. Harafin T na ƙarshe Tarna yake nufi, wato tashar binciken noma da ke kusa da Maraɗi, inda aka haɗa shi. Duk inda irin ya je, sunan Tarna ya je.

To, wannan ambato shi ake ƙirgawa. Yau kwamfuta ce ke ƙirga shi ta intanet. A duba rubutu nawa mutum ya yi, sau nawa kuma wasu suka ambace shi. Rubutu ɗari da ba wanda ya waiwaya, kamar iri ne da aka shuka bai tsiro ba. Rubutu ɗaya da ake ta komawa gare shi shekara da shekaru ya fi su nauyi. Littafin Abdu Mumuni kan tarbiyya irin wannan ne. Ya haura shekara 60, amma masu rubutu kan tarihin ilimi a Afirka da kan koyarwa cikin harsunan gida ba su daina ambatonsa ba.

Amma fa mudun nan ba ya cika daidai ga kowa. Ya fi ƙirga abin da aka buga da Turancin Ingila a mujallun Turai da Amurka. Wanda ya yi rubutu da Faransanci, a Afirka, tun kafin zamanin kwamfuta, sau da yawa ana tauye masa awo. Kuma mudun ba ya ƙirga ɗalibin da ka koyar, ba ya ƙirga maƙerin da ya koyi sabuwar ƙira a hannunka. Abdu Mumuni ya koyar da fizik a jami'ar Yamai har ƙarshen rayuwarsa, kuma a 1979 aka naɗa shi shugaban jami'ar. Ɗalibansa sun zama malamai, su ma sun koyar da wasu. Wannan ma ambato ne, ko da ba a takarda yake ba.

Abin da ya karɓu da abin da bai karɓu ba

Gaskiya ɗaya ce, sai a faɗe ta. Murhun rana bai shiga gidajen ƙauye ba. Ku tambayi matan Agye ko na Gazawa, za su ba ku dalili. Tuwon dare da la'asar sakaliya ake ɗora shi, lokacin rana ta yi sanyi. Tuƙin tuwo yana son wuta mai ƙarfi da tukunyar da ta zauna daram. Ba macen da ke son tsayawa tsakiyar rana da goyo tana girki. Ga shi kuma madubi da ƙarfe kuɗi ne, itace kuwa a lokacin tsinto shi ake yi.

Saboda haka gatari bai huta ba. Farin 1973 da na 1984 suka zo suka taras da gonaki tsirara, iska na binne shuka da rairayi, mata na tafiya mai nisa neman kara da kashin shanu. Abin da ya maido da itatuwa a yankinmu daga hannun manoma ya bazu. Tun shekarun 1980 suka kama sassaben zamani: in an zo sharar gona a bar tohon gawo da kalgo da sabara, a rage rassa, a bar biyu ko uku su girma. Ƙauyen Ɗan Saga na Agye ya yi suna kan wannan aiki, har baƙi na zuwa daga wasu ƙasashe su gani. Dabarar ta bazu don ta dace da hannun talaka, kuma maƙwabci na ganin amfaninta a gonar maƙwabcinsa. Wannan ya yi daidai da abin da Abdu Mumuni ya rubuta a littafinsa, cewa ilimi sai ya haɗu da rayuwar mutane yake yin amfani.

Ta wani gefen kuma, ranar da ya dogara da ita ba ta ba shi kunya ba, sai dai ta wata ƙofa ta shigo. Faifan nan mai shuɗi-shuɗi da muke kira sola, haske yake mayarwa wutar lantarki kai tsaye. Da wani sinadari ake yinsa mai suna silikon, wanda ake fiddawa daga irin farin rairayi da duwatsu masu ƙyalli, a narka, a tace. A Amurka aka fara yin mai amfani a 1954. A zamanin Abdu Mumuni yana da tsada ƙwarai. Masu binciken sinadarai na ƙasashe da yawa suka yi ta gyara shi, wannan ya ɗora kan aikin wancan, har kuɗinsa ya faɗi. Shi ne yau ke caza salula a kasuwannin ƙauye, yake jawo ruwa a famfo, yake sanyaya allurar rigakafi a likita.

A 2018 aka buɗe tashar lantarki ta hasken rana a Malbaza, mai ƙarfin megawat 7. A 2023 aka buɗe ta Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30. A wannan shekarar ce kuma aka katse wutar da ke zuwa daga Najeriya, garuruwa suka shiga duhu, mutane suka tuna da maganar dogaro da abin da ke gida. Sai dai akwai sauran aiki. Yawancin faifan da muke saye daga Sin ake kawo su. Shi kuwa burinsa a bincika a nan, a ƙera a nan.

Rasuwarsa

Abdu Mumuni ya rasu a Yamai ranar 7 ga watan Afrilu na 1991, yana da shekara 61. A 1992 aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. Jaharmu ta Maraɗi ma ta samu tata jami'a a 2010, kuma ita ma sunan wani masanin kimiyya take ɗauke da shi, Ɗan Dikko Ɗankulodo, haifaffen Maraɗi, wanda ya yi zurfi a ilimin sinadarai.

Yaron da aka haifa a Tasawa, kan hanyar da muke bi zuwa kasuwa, shi ne ya kai wannan matsayi. Ya bar littafi da ake ambato, ya bar kayan aiki da aka gwada, wasu suka karɓu wasu ba su karɓu ba, ya bar ɗalibai. Da waɗannan uku ake auna shi. Mu da muka fara karatu da furfura a kai, namu rabo shi ne mu riƙe alƙalamin da kyau, mu kuma bar yaranmu, maza da mata, su zauna lakkwal har su gama. Allah ya jiƙan Abdu Mumuni.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Abdu Mumuni, kuma a wace shekara?

2. Mi ya kai shi Konakiri a 1958?

3. Ku faɗi shawarwari uku da ya kawo cikin littafinsa na 1964.

4. Don mi ake shafa wa farantin ɗumama ruwa baƙin fenti?

5. Mi ya hana murhun rana karɓuwa a ƙauyukanmu? Ku tattauna tsakaninku, mata su fara.

6. A garinku, wace dabara ce wani ya kawo har ta bazu? Ku rubuta labarinta cikin layi biyar.